Ƙaho a Jikin Mai Neman Jini

Ban daɗe da fita takaba ba. Cikin zaman da na yi a ɗaki, duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ce mini kwana ne ya ƙare, in yi haƙuri. Na sani. Ban taɓa jayayya da hukuncin Allah ba, kuma ba yau zan fara ba. Amma tsakanin ranar da aka gano ciwon mijina da ranar da aka kai shi makwancinsa, akwai abin da mutane suka yi da hannuwansu. Shi nake so in rubuta, ko wata ta karanta kafin nata ya zo.

Sunana Balki. A Tasawa nake zaune, sana'ata sayen wake da aya. Da tiya ɗaya na fara a bakin kasuwa ina da goyo, yau ina da mangaza, ɗakin ajiyar kaya, tawa ta kaina, kuma da kaka nakan bi kasuwannin Urafane da Gidan Amumune in saya in ajiye. Ba alfahari ya sa na faɗi wannan ba. So nake a sani ba rashin abin hannu ya kai mijina Malam Sale ba. Mutane da yawa talauci ke kai su, mu namu daban ne.

Malam tela ne. Mutum mai sanyi, irin wanda ko kaza ta shiga tsakanin ƙafafunsa yana ɗinki sai ya ɗaga mata ta wuce. Shekarun da muka yi tare, ni ce mai faɗa a gidan, shi ne mai cewa "to, ya isa, Balki."

Ciwon ya soma da jini in ya zaga bayan gida. Ya ce basir ne, wane tela ne ba shi da basir, mutumin da ke wuni a zaune? Ya sayi na masu mota da lasifika, ya sayi na jiƙo, ya sayi na turare. Ni kuma na bar shi, don ni ma basir na ɗauka. Abin da ban sani ba shi ne yana ramewa a ɓoye. Sana'arsa ta taimake shi: duk sanda wando ya yi masa yawa sai ya rage ƙugun a shago ya dawo gida tsaf. Wanda ya tona shi Yohanna ne, telan da ke jikin rumfarsa, Kirista, abokin zamansa tun kafin a haifi babbar ɗiyarmu. Ya same ni a mangaza ya ce:

"Hajiya, ba gulma na kawo ba. Mijinki shina barci bisa keke da hantsi. Ƙahwa tai ba ta iya taka hwedar. Ki duba tahin hannunshi, hwari tas kamar alawayyo."

Washegari na sa shi gaba muka tafi asibiti nan Tasawa. Aka ɗebi jini aka yi analiz, aka ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, aka rubuta mana ordonans, takardar magani, aka ce mu wuce Maraɗi a duba inda yake zuba. A Maraɗi muka sha layi. Ka biya a wannan taga, a tura ka waccan, ka dawo a ce mai hatimi ya fita. Malam yana zaune a ƙasa jingine da bango, ni ina tsaye da takardu kamar mai neman aiki. A ƙarshe aka zura masa wani tiyo mai ido a ciki, aka gutsuro ɗan nama aka aika Yamai. Muka koma gida muka zauna jiran sakamako, damina tana ƙarewa.

Da aka kira mu, sai muka tafi da Laminu, ɗan yayan Malam. Mushe ne a lakwal, wato malamin makarantar boko, yana jin Faransanci, kuma yaro ne mai son kawunsa, wannan ba zan hana shi ba. Lokotoron da ta karɓe mu mace ce, Bahaushiya, ba ta ma buƙaci tafinta ba. Ta dubi Malam ido cikin ido ta ce ciwon daji ne, kansar, a babban hanji. Ta ce amma akwai abin godiya: hoton ciki ya nuna hanta lafiya lau, abin bai yaɗu ba, wuri guda yake, kuma wuƙa tana iya cire shi. Matsala ɗaya ce, jininsa bai kai a kwantar da shi ba. Ta ba mu ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce ya ci hanta da nama da ganye, ta ba mu randebu, ranar da za mu dawo, bayan 'yan makonni. In jinin ya hau, a yi aiki.

A nan Laminu ya zaro salularsa, wayarsa ta hannu. Tun a mota yake karatu a cikinta. Ya tambaye ta da Faransanci, ta amsa masa da Hausa don mu ji. Kalmar da suka yi ta jujjuyawa ta zauna mini har yau: anjiyojenez. Ta ce ma'anarta, shi wannan ƙullutun ba ya girma sai ya yi wa kansa 'yan ƙananan jijiyoyin jini, kamar ƙauyen da ya sare hanya zuwa bakin kwalta don kaya su riƙa iso masa. Ta ce gaskiya ne masu bincike sun ga wasu abubuwa a cikin kurkum, da ɗanyen ganyen shayi irin wanda samari ke dafawa a fadarsu ta hira, da tafarnuwa, da waken soya, waɗanda wataƙila suna hana waɗannan jijiyoyi tsirowa. Amma mafi yawa a cikin kwalba aka gani da jikin ɓeraye, ba a tabbatar za su warkar da mutum ba.

"In kuna so ku sa a miya, ku sa," in ji ta. "Amma Malam wuƙa shika buƙata, kuma kahin wuƙa, jini. Mushe, ka ji ni?"

Laminu ya ce ya ji. Na yarda ya ji. Amma abin da kunne ya ji daban, abin da baki ya kai gida daban.

Kwana kaɗan bayan mun dawo sai ga Yaya Mamman, wan Malam, uban Laminu, ya taho daga ƙauyensu can bayan Korgom. Shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu, shi ya aurar da Malam, shi ya saya masa keken ɗinki na farko. Ya zauna a tabarma, ya sha ruwa, ya ce ya zo tafiya da ƙanensa.

Na ce, "Yaya, ai jinya muke nan. Ga asibiti kusa."

Ya ce, "Balki, ke mace ce mai kasuwa. Kaka ta kama, kina Urafane yau, gobe kina Gidan Amumune. Wa za shi zauna da shi? Namiji in ya kwanta, gidan ubanshi shika kwantawa. Haka munka taras. Ko kina so a ce mun bar ma mace shi?"

Na dubi Malam. Ya sunkuyar da kai. Kuma gaskiya akwai abin da Yaya ya faɗa daidai: kuɗin aikin a kasuwa suke, in ban bi kakar nan ba, ba su fitowa. Na riga na karyar da ayar bara tun farashi bai tashi ba don biyan na Maraɗi. Sai na haɗa masa kaya, na sa ƙwayoyin a aljihun rigarsa da hannuna, na ce a kula da su. Aka ɗora shi a mota.

Satin farko na hau kabu-kabu na bi su. Na tarar da shi a ƙarƙashin itacen bedi, an kewaye shi, butar shayi tana kan gawayi. Laminu ya riga ya yi wa gidan bayani, kowa ya haddace: shi ciwon nan, jini yake sha, yana da hanyoyinsa, za a toshe masa su. Ana ba Malam shayi mai kauri ba sukari, dahuwar farko mai ɗacin nan, safe da rana da la'asar. Ana dama masa kurkum a kunu har kunun ya koma ruwan ɗorawa. Tafarnuwa kuwa haɗiya yake kamar ƙwaya. Ban ga aibu ba. In faɗi gaskiya ma, maganar ta shige ni, don ni 'yar kasuwa ce, na san wanda ya tare hanyar kaya ya kashe kasuwa. Ni da kaina na auno musu kurkum mai kyau daga Tasawa. Na kawo hanta da tsoka, na ba Hajjo matar Yaya, na koma.

Sati na biyu na dawo da wata hantar. Ina shiga gida na ga yara suna murna, wani yana cewa ga Inna Balki mai hanta ta zo. Abin ya tsaya mini. Na ja Hajjo bayan rumbu na tambaye ta.

Ta yi ta murza bakin zanenta, sannan ta ce, "Wallahi Balki, ba ni ba ce. Malam babba, maigidana, ya ce kada a ba shi abin da ka ƙara jini. Ya ce in ciwon jini shika sha, to ƙara ma mutum jini kamar ka zuba ma ɓarawo hatsi ne a buhu. Nama, hanta, zogale, duk an hana. Yara ka cinyewa."

"Ƙwayoyin hwa?"

Ta nuna mini da haɓa. Suna soke a jinkar ɗaki, ko ɓare su ba a ci gaba da yi ba.

Na sami Yaya a gona ana ɗaurin gero. Na gaishe shi yadda ya kamata, na durƙusa, sannan na ce lokotoro cewa ta yi a ƙara jini, ba a rage ba. Ya yi dariya irin ta manya.

"Lokotoro wuƙatta taka so ta gwada. Ɗana ya karanta, kuma ita da bakinta ta amsa ciwon jini shika ci. Ke da kike lissahin buhu, wanga lissahi ya hi ƙarhinki? In akuya tana maka ɓarna, dusa kaka ƙara mata?"

Na ce, "Yaya, akuyar a cikin ɗan'uwanka take. In ka hana ta, shi ka hana."

Ya ce, "To, mun ji. Allah shi yi miki albarka." Ya juya ga dammansa.

Na koma gida na zaro ƙwayoyin, na ba Malam da hannuna, na gasa masa hanta na tsaya har ya ci 'yar kaɗan. Na roƙi Hajjo ta riƙa ba shi a ɓoye, ta ce to. Na san wannan "to" ɗin, na macen da ke tsoron mijinta ne. Da na san abin da ke tafe da ranar na ɗauke shi. Amma na riga na ba da kafin alƙalami a Gidan Amumune, motar wake tana jirana, na tafi.

Sati na uku shi ne wanda ba ya barina barci.

Na iso da hantsi na tarar ba ya iya tashi zaune sai an tallafe shi. Leɓɓansa sun yi fari, numfashi sama-sama, ya ce kunnuwansa suna kaɗa ganga. Na ce bari in canza masa riga in wanke wadda ke jikinsa. Ya riƙe wuyan rigar. Malam da bai taɓa hana ni komai ba ya riƙe riga yana cewa in bari. Na ɓamɓare hannunsa, ba wani ƙarfi gare shi ba, na ɗaga.

Da'ira-da'ira a mararsa, da kwiɓinsa, da gadon bayansa, kowace da 'yan tsage a ciki. Wasu sun bushe, wasu ɗanyu, suna tsattsafo wani abu mai kama da ruwan wankin nama. Ƙaho. An kira wanzamin gidan, wanda gidansu ke yi musu aski da kaciya tun kakanni, an ce ya janye jinin da ke zuwa wa ciwon. Ba sau ɗaya ba.

Na zauna a ƙasa. Ni ba mai kuka ba ce, kuma ban yi ba. Na ce, "Malam, kana ji kana gani?"

Ya ce, da muryar da sai na kai kunne, "Balki, yayana ne. Shi ya goya ni. Gonar gyaɗa tai ya jinginar ya biya wanzami da kayan shayin nan. In ce mashi a'a?"

Wannan ita ce masifar. Da mugunta ce da na san yadda zan yi da ita, na saba da mugaye a kasuwa. Amma so ne. So ne da ƙaramin sani, kuma Hausawa sun gama magana a kan ƙaramin sani.

Ban nemi shawarar kowa ba. Na kira Yohanna a salula na ce ya samo mini mota ko nawa ne. Kafin la'asar ya iso da kansa a gaban motar. Ni da shi da direba muka ɗauko Malam a tabarma. Yaya ya tsaya a ƙofar gida, mutanen ƙauye sun taru.

"Balki, in kin hita da shi, ba hannunmu."

Na ce, "Hannunku na gani a bayanshi, Yaya. Ya isa."

Na san maganar ta yi nauyi, a gaban jama'a, daga bakin matar ƙane. Na biya kuɗinta daga baya, kuma ba ni kaɗai na biya ba.

A Maraɗi, da lokotoro ta ɗaga rigar ta ga tabon ƙaho, ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi abin da yake ci da abin da yake sha. Na faɗa mata duka, har kurkum ɗin da na auno da hannuna. Ta ce shayi mai kauri haka yana hana jiki ɗaukar abin da ke gina jini daga abinci, kurkum da tafarnuwa kuma in sun yi yawa suna iya sa jini ya ƙi tsayawa, ga shi dama ciwon yana zubar da shi ta ciki. Ta ce jijiyoyin da ake magana a kansu ba su kai gashi kauri ba, suna can manne da ƙullutun, ƙaho ba ya isa gare su, yunwa ba ta kashe su. Ciwon yana ɗibar rabonsa ko da ɗigo ɗaya ya rage a jiki. Mai jikin ne ke rasawa.

Sakamakon analiz ya fito ƙasa da na farko nesa ba kusa ba. Randebunmu na aiki ya zo ya wuce Malam yana kwance ana neman jijiyar da za a sa allura. Yanzu ba maganar ƙwaya ba ce, sai an ƙara masa jini leda-leda, kuma sai an tanadi wasu a ajiye saboda ranar aiki. Ma'ajiyar jinin asibitin kuwa kullum a kan gaɓa take, masu haihuwa da yara masu zazzaɓi suna layi. Ƙa'idarsu, ka kawo naka su bayar, a ba ka.

Na bayar. Yohanna ya bayar, ya koma Tasawa ya dawo da mutum biyu daga majami'arsu waɗanda ko sunan Malam ba su sani ba sai a mota. Ɗiyarmu tana da tsohon ciki, aka hana ta. 'Yan dakon mangazata biyu suka zo, aka ɗauki ɗaya, aka ce ɗayan shi ma nema yake. Duk ledar da aka sa wa Malam sai ya ɗan farfaɗo, ya nemi kunu, ya tambayi shago, bayan kwanaki kuma ta tsiyaye ta inda take tsiyayewa. Muna zubawa a tulu mai huda. Abin da ake buƙata shi ne a samu da yawa a lokaci guda, a ɗaga shi, a shiga da shi kafin ya sauka.

Malam yana da 'yan'uwa maza da 'ya'yansu cike da gida, majiya ƙarfi, masu ɗaga damin gero da hannu ɗaya. Na haɗiye girman kaina na kira Yaya.

Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Wato mu da ƙahwahunmu mu taho mu kai ma ciwo abinci. Abin da munka sha wahala munka rage, ku kun maida. Ai kin ce hannunmu ya isa."

Na ce, "Yaya, na yi kuskuren baki, ka yahe mani. Don Allah, don Annabi."

"Na yahe. Amma jinin gidanga ba shi shiga cikin wanga aiki. Kuma ana tsakiyar kaka, wa za shi zubda ƙarhinshi a leda?"

Laminu ya zo, shi kam. Da ya ga kawunsa ya fita waje ya daɗe. Ya bayar da nasa, ya ce mini, "Inna, ni cewa na yi a ba shi shayi da kurkum. Wallahi ban ce a hana shi abinci ba, ban ce a yi ƙaho ba." Na ce na sani, kai ka kawo wuta a marfi, wasu suka sa a jinka. Ya koma ƙauye ya yi wa ubansa bayani daga farko, ya kira lokotoro a salula don ya ji da kunnensa. Yaya ya ƙi karɓar salular. Ya ce da yaron ya faɗi magana ta farko da hankalinsa ya faɗa, ta biyun kuwa matar kawunsa ce ta saye shi.

Haka makonni suka yi ta tafiya. Na kwana a barandar asibiti tare da matan da ban sani ba, muka zama dangi, wadda ta dafa ta sammaka. Na sayar da waken da na saya a kan farashin da na saye shi, wani ma ƙasa. Na ga ma'aikatan da ke yi maka magana kamar kai ka ɗora wa kanka ciwo, na kuma ga wata majo, ma'aikaciyar jinya, da ke zuwa ta gyara wa Malam matashi ba aikinta ba ne. Sau ɗaya jinin ya kusa kai inda ake so, sai zazzaɓi ya kama shi ta wajen tsagar ƙahon da ta ruɓe, aka ɗaga. Da aka magance wannan, jinin ya sake sauka.

Abin da ya karya Yaya ba hujja ba ce. Wata safiya Malam ya ce in kira masa shi. Na riƙe masa salular a kunne. Bai yi maganar jini ba ko kaɗan. Cewa ya yi, "Yaya, ka yahe mani abin da na yi maka tun ƙuruciya. Ga Balki nan da yara." Shi ke nan abin da ya faɗa. Kowane Bahaushe ya san irin wannan magana.

Kwana biyu bayan haka sai ga su, mota cike, Yaya a gaba, ƙannensa da 'ya'yansu a baya, wasu ko wankan gona ba su yi ba. Yaya bai gaishe ni ba, ya ce, "Ina ne aka ɗiba?" Na nuna musu. Suka yi layi a benci, kowa ya naɗe hannun riga.

Suna can ciki lokotoro ta aiko a kira ni. Da safiyar nan aka sake yi wa Malam hoton ciki saboda cikinsa ya soma kumbura. Ta zaunar da ni, ta juyo mini da hoton ko da ba na ganewa. Ta ce ya kai hanta, wuri fiye da ɗaya, kuma ruwa ya taru. Wuƙa ba ta da sauran amfani. Na tambaye ta kai tsaye: da an yi aikin a kan randebu, da ya tashi? Ta ce ita ba Allah ba ce, ba za ta rantse mini ba, wani ana yi masa a kan lokaci ya dawo. Amma hantar da ta gani da farko mai tsabta ce, kuma a lokacin tana da abin da za ta yi masa. Yanzu ba ta da shi sai rage zafi.

Na fito na tarar da Yaya a baranda, ya lanƙwasa hannu a kan auduga, fuskarsa a sake, karo na farko tun da aka fara. Ya ce, "To, Balki, mun bada. Yaushe za a yi aikin?"

Na faɗa masa. Ya zauna a ƙasa inda yake tsaye.

An sa wa Malam leda biyu daga cikin nasu. Su suka ba shi ƙarfin da muka kawo shi gida Tasawa, ɗakinsa, ba ƙauye ba, kuma ba wanda ya yi musu a wannan karon. Ya ga jikarsa da aka haifa, ya yi mata huɗuba da bakinsa. Ya yi 'yan makonni, ya cika da rana tsaka, kansa a cinyata. Sauran jinin, majo ta ce mini, ɗakin haihuwa aka kai. Akwai matan da ke yawo da shi yanzu suna goyon 'ya'yansu. Na yi musu murna, har zuciyata.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. Jini a bayan gida ba kullum basir ba ne, in ya daɗe a je a duba. In an ce maka ana binciken wani ganye ko wani saiwa, to bincike ake, ba a gama ba. Ni ban ce ƙarya ne ba, wataƙila wata rana a fitar da magani a ciki, amma mai ciwon yau ba zai jira ɓeraye ba. Kurkum na miya ne, shayi na hira ne. Abin da lokotoro ta faɗa, a sa ta maimaita shi a gaban wanda ke da iko a gidan, ba a gaban wanda ya fi jin Faransanci ba. Wannan shi ne abin da ban yi ba. Kuma in an ɗauke miki majinyaci an kai gidansu, ki bi shi ki zauna, ki riƙa ɗaga riga.

Ina godiya ga Yohanna da mutanen majami'arsu, Allah ya saka musu. Ina godiya ga lokotoro da ba ta taɓa ɓoye mini gaskiya ba, da majo, da matan baranda. Hajjo ma na gode mata, ta yi iyakar abin da tsoro ya bar ta ta yi. Laminu yana zuwa duk ƙarshen wata ya duba yara, ba na hana shi.

Yaya ya zo ranar da na fita takaba. Ya tsufa a 'yan watannin nan, har sanda ya soma riƙewa. Muka gaisa, ya yi addu'a mai tsawo, na shafa. Ya dubi tabarma ya ce:

"Balki, duk abin da munka yi, don shi tashi munka yi."

Na ce, "Na sani, Yaya."

"Kuma kin shaida mun bada jinin."

Na ce, "Na shaida. Kun bada."

Ya jira in ƙara wani abu. Na miƙa masa ruwa ya sha, na raka shi zaure.